Rigar Gimbiya da Dokar Shekara 14 a Ƙofar Disney

A wuraren shaƙatawa na kamfanin Disney da ke Amurka, duk wanda ya kai shekara 14 ba a barinsa ya shiga da shigar kwaikwayo. Ba rigar gimbiya, ba kayan ɗan fashin teku, ba abin rufe fuska sai dai na lalura. Ɗan shekara 13 zuwa ƙasa shi aka sakar wa mara, shi ma da sharaɗi. Wannan doka ta raba mini 'ya'ya gida biyu, domin babbar ta riga ta cika 14, namijin yana da 10, auta kuma 6. Tun ranar da babansu ya ce za a je, kowannensu ya zaɓi shigar da zai yi.

A birnin Atlanta na Amurka muke zaune. Ina ɗinki a gida, galibi atamfa da leshi na matanmu na nan idan salla ta matso ko ana biki, saboda haka babu wanda ya kawo zancen sayen kaya a kanti. Kowa ya san keken Umma ne zai yi aikin. Inda muka nufa shi ne Magic Kingdom, mafi tsufa cikin dandali huɗu na Walt Disney World da ke kusa da Orlando a jihar Fulorida, wanda aka buɗe a 1971. Matan biyu duk Tiana suke so, gimbiyar nan mai koriyar riga da ta fito a 2009, wadda ita ce baƙar fata ta farko a jerin gimbiyoyin Disney. Namijin kuwa ɗan fashin teku zai zama, har ya tanadi bindigarsa ta roba da wani abin rufe fuska mai siffar ƙoƙon kai.

Ni dai ba na sa almakashi a yadi sai na san inda za a sa rigar. Don haka kafin in je sayen yadi na buɗe shafin dokokinsu a intanet, na bi shi layi-layi. Ban da maganar shekaru, ga abin da na tarar. Tufafin da ke taɓa ƙasa ko jan ƙasa ba a yarda da su ba, ga babba ga yaro. Kaya masu hawa-hawa, wani kan wani, masu tsaro suna da ikon bincika su a ƙofa. Yaro zai iya sa abin rufe fuska, amma kada ya rufe fuskar gaba ɗaya, kuma dole a riƙa ganin idanunsa. Duk abin wasan da ya yi kama da makamin gaske ba ya shiga. Kuma sun faɗa ƙarara cewa suna iya hana mutum shiga, ko su fitar da shi, idan shigarsa ta saɓa.

Da na karanta wa babbar, sai ta cika ta yi fam.

"Umma, wa zai san shekaruna? Ai ba a neman takardar haihuwa a ƙofa."

"Ni na sani, ke ma kin sani," na ce mata. "Kuma je ki tsaya gaban madubi. Kin kusa kamo ni a tsawo. In na ɗinka miki rigar nan na ɗora miki kambi, wane ƙaramin yaro ne zai bambance ki da wadda suka ɗauka aikin?"

Ba ta amsa ba, ta shige ɗaki. Na tausaya mata ƙwarai, domin ita ce ta fi kowa son gimbiyar, tun tana 'yar mitsitsiya take zana ta a bayan littattafanta. Ƙanwar a wurinta ta koyi son. Amma ba zan kai 'yata ƙofar da za a tsayar da ita a gaban jama'a a ce ta je ta sake kaya ba, kuma ba zan koya mata rage shekaru don riga ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Tun da can Disney ba ya son manya su shiga da shigar taurarinsa, wato jaruman finafinansa, amma a watan Disamba na 2015 ne aka ja layin a kan shekara 14 aka kuma tsananta. A lokaci guda aka kafa na'urorin gano ƙarfe a ƙofofi, aka hana shiga da bindigogin wasa, aka kwashe su daga kantunan da ke ciki. Makonni kaɗan ke nan bayan harin da aka kai Faris a watan Nuwamba, da wanda aka kai San Bernardino ta jihar Kalifoniya a farkon Disamba. Mai tsaro yana son ya ga fuskar wanda ke gabansa, yana son ya ga siffar jikinsa, kuma ba ya son ya tsaya tunanin ko abin da ke hannun wancan na roba ne ko na gaske. Wannan dalili ɗaya ke nan. Na biyun sai da na shiga na gan shi da idona.

Babbar da kanta ta nemo mafita. Ina kan keke wata rana da yamma ta zo ta miƙo mini waya. Ashe akwai wata al'ada da masu son wurin suka ƙirƙiro, suna ce mata DisneyBound, wadda wata mata mai suna Leslie Kay ta faro a 2011. Mutum ba ya kwaikwayon tauraron, launinsa kawai yake ara ya sa a kayan yau da kullum. Mai son Minnie, ɓerar nan ta zanen Disney, ta sa jar riga mai ɗigo-ɗigon fari da takalmi ruwan ɗorawa. Wanda ya sani zai gane da kallo ɗaya, wanda bai sani ba zai ga dai mace ta yi kwalliya. Dokar ba ta hana wannan ba, tunda babu wanda zai ɗauke ki ma'aikaciya.

Nan fa aiki ya zo hannun mai shi. Na tuna ina da wani turmin atamfa kore shar mai manyan furanni ruwan ƙwai, wanda aka aiko mini daga Kano na ajiye ban san me zan yi da shi ba. Rigar Tiana koriya ce mai haske, ƙasanta an yi shi kamar ganyen bado da ya buɗe, da ɗan ruwan ƙwai a tsakiya. Sai na yanka wa yarinyar doguwar riga mai ɗan faɗi daga ƙugu, na fitar da wuyan da siffar ganye, na bi bakin hannun da siririn yadi ruwan ƙwai. Na haɗa mata da ƙaramin mayafi mai launin furen, da 'yan kunne masu siffar fure. Ita kuma ta samo wani ɗan fil mai siffar kwaɗo ta maƙala a kafaɗa, domin kwaɗo yana cikin labarin gimbiyar.

Abin da na hana shi ne kambi, da dogayen safar hannu, da siket ɗin ciki mai sa riga ta buɗe kamar lema. Ta roƙa a bar mata kambin kaɗai, na ƙi. Ma'aunin da na riƙe guda ne: za ta iya sa wannan rigar ta je walima ko idi ba tare da wani ya ce wasan kwaikwayo za ta yi ba? In eh, to kaya ne. In a'a, shiga ce. Kambi ba ya tsallake wannan awo. A ganina duk wanda ke shakkar abin da zai sa a irin wurin, wannan tambayar ta ishe shi.

Ta auta kuwa na sake jiki. Satin kore mai sheƙi, yadin net ninki uku a ƙasa, roba a ƙugu don ta samu sakewa, ganyaye da na yanka ɗaya bayan ɗaya na jera su zagaye. Na sa mata shafi na auduga daga ciki, domin satin da net a zafin Fulorida suna ƙaiƙayi, kuma yaron da kaya ke cizonsa ba ya barin kowa ya ji daɗin yini. Wajen tsawo ne na fi kulawa. Na tsayar da ita a kan tebur da takalmin da za ta sa, na kama ƙasan rigar da fil, na tsayar da shi taƙi ɗaya sama da idon sawu. Takalmin kuwa kambas ne, ba irin na roba mai tsini da ake haɗawa da kayan gimbiya ba. A cikin wurin akwai shagon da ake yi wa yara 'yan shekara 3 zuwa 12 gyaran gashi da kwalliyar gimbiya, sunansa Bibbidi Bobbidi Boutique, amma da tsada, kuma sai an kama gurbi tun da wuri. Ni na yi mata shuku, na ɗaure shi a tsakiyar kai, kambin ya zauna daram.

Namijin bai ba ni wahala sosai ba. Bindiga ta zauna a gida. Abin rufe fuskar ma haka, domin ya rufe ko'ina, idanun ma ta bayan raga ake hango su. Na ɗinka masa 'yar shara baƙa da jan ƙyalle na ɗaurawa a ka, na ce da safe zan zana masa gashin baki da kwalli. Da ya tambayi takobi, babansa ya ce masa a ciki ana sayar da na roba, in sun shiga zai saya masa. Shi ke nan aka rabu lafiya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba na yara ba ne, nawa ne. Layin nan na tufafin da ke jan ƙasa da na masu hawa-hawa, da na sake karanta shi sai na ga ai da ni yake. Abayoyina duk suna sharar ƙasa, haka nake son su. Hijabin da nake fita da shi har ƙasa yake, ga doguwar riga a ciki, ga wando. Na yi ta saƙe-saƙe. Ko wani zai dube ni ya ɗauka shigar wasa na yi? Ko za a ware ni gefe a gaban 'ya'yana? Duk macen da ta taɓa bi ta filin jirgin sama a ƙasashen nan da lulluɓi ta san wannan faɗuwar gaban.

Bayan sallar Juma'a na tari wata baiwar Allah da na san sun taɓa zuwa da iyalinta.

"Hajiya, don Allah da hijabi kika shiga?"

"Da shi na shiga mana," ta ce. "Ba ruwansu da hijabinki. Kayan addini da na gargajiya ba su ne suke nufi ba. Tsawon kawai za ki kula, don kanki ma. In kin ga injinan wurin za ki gane."

Na dawo na zaɓi abaya marar nauyi, na warware kalmasar ƙasa, na rage kamar yatsu huɗu, na sake kalmashewa. Ta tsaya daidai saman takalmi. Na tanadi wando mai kauri da safa, don haka babu abin da ya ragu na sutura. A maimakon gyale, wanda iska ke ɗagawa, na ɗauki hijabi madaidaici mai tsayawa a cinya, na kama shi da fil a ƙarƙashin haɓa. Dogon kuma na naɗe shi na sa a jaka saboda salla. Ina son 'yan uwana mata su ji wannan da kyau: dokar ba ta nemi ki cire komai ba, ba ta kuma nemi ki bayyana komai ba. Ƙasan riga kawai za a ɗaga daga ƙasa.

Maigida shi da babbar riga ya so ya je, saboda hoto a gaban fadar nan tasu mai hasumiyoyi.

"Haba Abban yara," na ce, "wando, 'yar ciki, ga riga a sama, a zafin Satumba? Kuma ga lilon da za ka hau da yara, hannun rigar ina za ka kai shi?"

Ya yi dariya ya haƙura. Ya sa kaftani marar nauyi iya gwiwa da hularsa zanna.

Ranar shiga mun yi sammako. Mai zuwa Magic Kingdom da motarsa ba ya ajiye ta a bakin ƙofa. Akwai wani makeken fili can nesa, daga nan sai wurin bincike, sa'an nan a hau jirgin ƙasa mai layi ɗaya ko jirgin fito a ƙetare tafkin da suke kira Seven Seas Lagoon. Binciken yanzu ba na buɗe kowace jaka ba ne. Wasu ginshiƙai ne ake bi ta tsakaninsu ana tafiya, jaka a kafaɗa. Mai lema ko wani abin ƙarfe akan ce ya riƙe shi a gabansa. Yara suka wuce, babansu ya wuce, babbar ta wuce da atamfarta babu wanda ya ɗaga ido. Ni aka yi wa nuni da hannu zuwa tebur. Gabana ya faɗi. Ashe gorar ruwa ce ta ƙarfe a jakata na'urar ta gani. Jami'in ya leƙa jakar, ya ɗaga gorar, ya ga naɗaɗɗen hijabi da kayan canjin auta, ya mayar ya yi mini fatan alheri. Bai dubi abin da ke jikina sau biyu ba.

Jirgin fito muka hau. A ƙofar gaske aka ɗora tikiti a na'ura, aka ɗora yatsa, fitila ta yi kore. Matar da ke tsaye a wurin ta sunkuya ta gaishe da auta da sunan gimbiya, ta dubi babbar daga sama har ƙasa, ta ga koren da ruwan ƙwai da ɗan kwaɗon nan, ta ambaci sunan Tiana tana murmushi. Na saci kallon yarinyar. Ba ta ce komai ba, amma ta gyara zaman mayafinta ta miƙe kafaɗa.

Akwai wani zaure a sashen Fantasyland, Princess Fairytale Hall, inda ake bin layi a gaisa da gimbiyoyi. Auta yarinya ce mai ƙiwuya. Baƙo ya zo gidanmu, bayana take ɓuya har ya tafi. Ƙannen babanta ma sai sun yi da gaske take yarda su ɗauke ta. Amma da layi ya zo kanmu, aka buɗe mana hanya, ta hango matar nan cikin koriyar riga da kambi, sai kawai ta fizge hannunta daga nawa ta ruga. Ta faɗa jikinta, ta cusa fuska a cikin rigar. Matar ta durƙusa ta rungume ta, ta kama hannunta ta juya ta tana yaba ganyayen da na ɗinka. Auta tana ta zuba mata surutu kamar ta shekara da saninta. Da a ce matar nan ta miƙe ta ce zo mu je, wallahi ko waiwayo na ba za ta yi ba.

A nan na gane dalili na biyu, kuma a wurina shi ne babba. Yaro ɗan shekara 6 ba ya ganin mutum a cikin rigar, gimbiyar yake gani, kuma ya riga ya ba ta amana tun daga gida. Wadda ke cikin rigar a zauren nan ma'aikaciya ce. Kamfanin ya zaɓe ta, ya horar da ita yadda za ta yi magana da yadda za ta riƙe yaro, har sa hannun gimbiyar an koya mata don ya zo iri ɗaya a littafin kowane yaro. Ga wani ma'aikaci tsaye gefenta ba ya matsawa, yana lura da kowa. In aka bar kowane babba ya shigo da irin rigar, a wurin da dubban yara ke kai da kawowa, an buɗe ƙofar sojan gona ke nan. A gida ma farar hula ba ya sa kakin soja ya fita titi, ba don yadin ya fi wani yadi ba, sai don mutane suna ba kakin amana tun kafin su dubi fuskar mai shi.

Kuma wurin gaba ɗaya a kan tsare wannan amana aka gina shi. Abin da muke takawa a Magic Kingdom a zahiri bene ne. A ƙarƙashinsa akwai hanyoyi da ma'aikata ke bi, don kada a ga mai shigar wani sashe yana ratsa wani, ko a ga tauraro ya cire kan rigarsa yana shan ruwa. Mutanen da suka gina hanyoyi a ƙasa saboda wannan ba za su bar gimbiya ta biyu tana cin dankali a kan benci ba.

Maganar Hajiya kan injina ma ta tabbata. A sashen Tomorrowland akwai wani jirgi mai zagayawa a sama a hankali, PeopleMover. Ana hawa wurinsa ta kan wani bel mai tafiya da kansa, a sama kuma dandamalin da ake shiga jirgin yana juyawa, jirgin ba ya tsayawa. Wasu lilon ma haka tsarinsu yake, kana taka ƙasa tana tafiya. Inda bel ɗin ke shigewa ƙarƙashin ƙarfe, nan na dubi ƙasan abayata na gode Allah da na rage ta. Auta ma ta taka ta wuce ba tare da na tattare mata riga ba. Da azahar ta yi muka nemi wani lungu marar mutane, na ciro dogon hijabin muka yi salla, na mayar da shi jaka. Zuwa lokacin zafi ya yi zafi, auta da kanta ta nemi a cire mata rigar, na sa mata 'yar riga da wando, kambin dai ta ce a bar mata.

Da gangan muka zaɓi ranar da ake bikin dare na Halloween, bikin nan na Turawa da ake shigar kwaikwayo da ta ban tsoro. Nasu na wurin suna kiransa Mickey's Not-So-Scary Halloween Party. Tun 1995 ake yin sa, a wasu zaɓaɓɓun darare daga Agusta zuwa ƙarshen Oktoba, kuma tikitinsa daban ne. A irin ranar ana sallamar masu tikitin rana da ƙarfe 6 na yamma, shi ya sa mutane da yawa ke kauce mata, layuka su ragu. Bikin da ƙarfe 7 yake farawa zuwa 12 na dare, amma masu tikitinsa ana barinsu su shigo tun ƙarfe 4. A irin wannan dare babba ma yana iya yin shiga. Mu dai tun a gida muka yanke ba za mu saya ba. Halloween ba bikinmu ba ne, ba ma yin sa, kuma yaran sun san haka.

Ƙarfe 4 na yi muna kusa da babban titin shiga, sai ga su suna kwararowa. Dattijo mai furfura cikin kayan ɗan fashin teku, 'yan mata da fukafukai masu shara-shara, iyali guda uba da uwa da 'ya'ya duk shiga iri ɗaya, da gimbiyoyi manya-manya, wasu sun girme ni. Babbar ta tsaya cak.

"Umma, to ga shi nan. Ashe in an biya kuɗi dokar tashi take yi."

Ban yi saurin ba ta amsa ba, domin maganarta da ƙamshin gaskiya. Kamfani ne, kasuwa yake ci, taurarin nan hajarsa ce, kuma ya san akwai manyan da za su biya don a bar su su yi shiga. Ban ga amfanin ɓoye mata wannan ba, na kuwa faɗa mata. Amma na ce ta duba da kyau, irin kallon da tela ke yi. Duk rigunan gimbiyoyin nan babu wadda ta taɓa ƙasa. Masu alkyabba a kafaɗa, ba ta wuce ƙugu ba. Babu babba ko ɗaya da abin rufe fuska, sai dai fenti. Domin ko a daren sharuɗɗan suna nan: ɗan 14 zuwa sama ba ya rufe fuska, ba a jan kaya a ƙasa, ba makami mai kama da na gaske, ba abu mai kaifi ko tsini da zai soki wani. Mafi muhimmanci, wanda ya yi shigar tauraro ba ya tsayawa a ɗauke shi hoto da yaran wasu, ba ya kuma sa musu hannu a littafi. Kowa ya san daren na shiga ne, iyayen da suka kawo 'ya'yansu sun san rabin mutanen da za su gani baƙi ne irinsu. Da rana kuwa ba wanda ya zo da wannan shiri.

Na ƙara mata da cewa in kuɗi ne kaɗai, da ba su hana kansu ciniki ba. Lokacin da suka buɗe sashen Galaxy's Edge, na labarin fim ɗin Star Wars, a dandalinsu na Hollywood Studios a 2019, suna sayar wa manya dogayen riguna irin na jaruman labarin, amma wanda ya saya a leda yake fita da ita, ba ya sa ta a ciki.

Ta saurare ni har na gama, ta ce ta ji, amma har yanzu tana ganin da an kai shekarun 16 da ya fi adalci. Ban yi musu da ita ba. Ko ina aka ja layi, akwai wanda zai faɗo dab da bayansa, bana kuma ita ce. Ni dai na ga yadda auta ta saki hannuna, kuma na fi son layin ya matse da ya yi sako-sako.

Ƙarfe 6 na yi ma'aikata suka fara duba hannun mutane. Masu bikin dare an ɗaura musu wani abin hannu na musamman, wanda ba shi da shi sai a nuna masa hanyar fita cikin ladabi. Muka bi ayari zuwa bakin tafki.

Tun da muka dawo matan da nake wa ɗinki suke tambayata, musamman masu shirin kai iyayensu da suka zo ziyara daga gida. Abu na farko da nake faɗa musu shi ne kowane wuri da dokarsa, kada a auna wani da wani. A Universal, wurin shaƙatawa na wani kamfanin daban, nan Orlando ɗin dai, manya suna yawo da doguwar baƙar rigar da ake sayarwa a ciki da rana tsaka, amma a bikinsu na dare na Halloween baƙo ba ya rufe fuska. A Disney na Tokiyo, wanda aka buɗe a 1983, lokacin Halloween ana barin manya su yi cikakkiyar shiga da rana. Kuma dokokin suna canzawa, don haka a buɗe shafin wurin da za a je a karanta kafin a sayi yadi.

Wata ta kawo mini kayan mahaifiyarta, zani da riga na atamfa da dogon hijabi, tana tambaya ko sai an saya wa tsohuwa wasu kaya daban. Na ce ko kusa. Ta ɗaura zaninta ya tsaya a idon sawu, a samo mata takalmi mai rufi marar santsi, dogon hijabin a sa a jaka don salla. Na auna tsohuwar daga ka zuwa gwiwa, na yanka mata madaidaici a yadi marar nauyi, na ce su zo su karɓa ranar Alhamis.